Yadda ake cewa "wai" da Turanci

'Yan uwa mazauna Legas, musamman na Agege da Mile 12, ga wata 'yar shawara. Da Hausa muna da "wai", kalma ɗaya ta nuna ba a gabanka aka yi ba. Amma da mun juya harshe zuwa Turanci sai mu manta da ita.

Makon jiya a taron 'yan haya na gidanmu, ƙanena ya miƙe ya ce mai kula da gida ya cinye kuɗin wuta. Ji kawai ya yi, bai gani ba. Wallahi sai da muka kwana biyu muna ba da haƙuri.

Da ya fara da "I was made to understand that", da abin bai kai haka ba, don ma'anarta labari aka ba ni. Idan adadin kuɗi ko rana kake kokwanto, ka ce "if I'm not mistaken". Ita kuwa "allegedly" ta 'yan jarida ce, kan zargin da kotu ba ta tabbatar ba, kuma a baki tana da nauyi. A kasuwa "dem say" ta wadatar.