Yadda Ake Mayar wa Tsohuwar Mota Rufinta na Yadi Irin na Asali

Ana maganar motocin da ake naɗe rufinsu a sauke ne. Kafin ka sayi komai, duba lambar shasi ka tabbatar da shekarar motar da ƙasar da aka yi ta, domin kowace ƙasa da irin yadinta. Motocin Amurka irin su Ford Mustang ta 1965 da rufin leda mai ƙananan ɗigo-ɗigo suka fito. MGB ta Ingila, wadda aka yi daga 1962 zuwa 1980, ita ma rufinta na leda ne. Volkswagen Beetle marar rufin ƙarfe kuwa, wadda kamfanin Karmann ya harhaɗa a Jamus har zuwa 1980, rufinta hawa uku ne: na waje, da cikon tsakiya, da shafin ciki. Yadin Stayfast na kamfanin Haartz yana da kyau kuma yana daɗewa, amma a kan motar da ta fito da leda, mai ido zai gane ba nata ba ne.

Kada ka yage tsohon rufi ka watsar, komai lalacewarsa. Ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa, ka sa alli a inda kowane maɓalli da ɗinki yake. Sai ka ɗaga rufin ka kulle shi, ka auna tazarar da ke tsakanin sandar baya ta firam, wato ƙarafan da ke ɗauke da rufin, da gefen bodi, ka rubuta. A wannan awon aka fi yin kuskure. In sandar ta yi sama, tagar baya za ta yi kaɗan. In ta yi ƙasa, yadi zai tattare a gefe, kuma babu jan da zai miƙar da shi.

Rabin aikin a firam yake. Ɗaga shi ka sauke sau da yawa ba yadi, kana kallon gaɓoɓin. Wadda take girgiza, robarta ko ƙusarta ta cinye, a sauya ta. Goge tsatsa, ka yi fenti da launin asali, ka ɗiga mai kaɗan a gaɓoɓi. Kaɗan fa, don giris in ya taɓa sabon yadi ba ya fita. Sandar gaba ta zauna daram a kan gilashin gaba, tagogin gefe su haɗu da robobinsu ba tare da rata ba. Ɓawon da ake buga filolin riƙe yadi a cikinsa, in ya rube, a sa sabo. Idan rufin mai famfo ne, wato famfon mai ke ɗaga shi, duba littafin motar: wasu tsofaffi man birki suke sha, wasu man giya, haɗa su kuma yana cinye robobin famfon.

Ranar ɗorawa a samu ɗumi, digiri 21 a ma'aunin Celsius ko sama, a shimfiɗa rufin a rana ya yi laushi. Ledar da aka ja da sanyi, da ta ji zafi sai ta saki.

A fara da dogayen matasai na yadi da ke bin saman firam dama da hagu, su ne ke riƙe sanduna a mazauninsu. Sai tagar baya, sannan babban rufin. Ja layin tsakiya da alli a yadi da jikin mota, ka haɗa su. Buga filolin sitefila marasa tsatsa daga tsakiya zuwa gefe, jefi-jefi tukuna, har ka ga komai ya zauna, sannan ka cike. Zura sababbin wayoyin gefe, masu ɗame bakin rufi bisa tagogi. Tsohuwar waya ta riga ta miƙe, shi ya sa rufi ke kumbura iska na fito in mota ta ɗau gudu.

Gaba ne ƙarshe. Kulle firam, ka ja yadin bisa sandar gaba, ka sa alama. Buɗe makullan, ka ɗaga sandar kaɗan, ka manna yadin da gam yana wuce alamar da ɗan kaɗan, yadda in an kulle zai ɗame kamar fatar ganga. Kada ka yanke rarar sai ka gwada kullewa ka gamsu.

Maɓallai na buƙatar haƙuri. Motocin Ingila sun fi amfani da Lift-the-Dot da Tenax. Na farkon ta gefen ɗigon da ke jikinsa kawai yake buɗewa, don haka ɗigon ya fuskanci bakin yadi, inda yatsa zai kama. In aka juya shi, kullum sai an fizga, har yadin ya tsage. Tenax kuwa kansa ake ja ya saki. Kada a huda duka lokaci guda. Ja yadin bisa kan ƙusar da ke bodi, ka shafa alli ta fito, ka huda, ka ɗaura, sannan ka matsa ta gaba, ɗaya dama ɗaya hagu.

Bar rufin a ɗage a kulle mako ɗaya zuwa biyu kafin a fara naɗe shi. Tagar roba da ruwa da tsumma mai laushi ake wanke ta, ban da ruwan goge gilashi mai amoniya, yana dusar da ita. Kuma ba a naɗe rufi da danshi a jikinsa, zai yi fumfuna ya ɓata ɗinki.