Yadda Ake Gano Shiri Mai Gudana a Linux da Tsayar da Shi

Duk shirin da ke gudana a Linux yana da lambarsa ta musamman da ake kira PID, kuma da ita ake tsayar da shi. Don gano lambar shiri kamar firefox, mutane da yawa kan rubuta ps aux | grep firefox, inda ps ke jero shirye-shirye masu gudana, grep kuma ya tace masu wannan suna, amma wannan hanya tana da illa, domin grep ɗin kansa yakan fito cikin jerin, har a kama lambar da ba ita ba. Shi ya sa na fi son pgrep -x, wanda lambobi kawai yake bayarwa, kuma sai sunan ya dace daidai.

A cikin fayil ɗin bash, wato shirin da ke karanta umarni a Linux, sai a rubuta wannan don tsayar da duk lambobin da pgrep ya bayar:

for p in $(pgrep -x firefox); do kill "$p"; done

Umarnin kill shi kaɗai yana aika sigina ta 15, wato SIGTERM, wadda ke ba shirin damar adana aikinsa ya rufe fayilolinsa. A jira daƙiƙa 5 da sleep 5, a sake dubawa da pgrep. Idan har yana nan, sannan a aika kill -9, siginar da babu shirin da zai iya ƙin ta, ko da yake abin da bai adana ba ya tafi ke nan. Shirin da wani mutum daban ya kunna a kwamfutar kuwa ba ya tsayuwa sai da sudo, umarnin da ke ba da ikon mai kula da kwamfutar.