Kafin ka zuba kuɗinka a murhun banda na simoka a Legas, ka auna ƙarfen tukuna

Tun da na fara gasa naman ƙirjin bijimin sa a irin murhun nan na Amurkawa mai akwatin wuta a gefe mutane suke tsayar da ni da tambaya, Malam ina ka samo wannan, nawa ne, a ina ake ƙera shi, toh bari na faɗi abin da na sani sau ɗaya kowa ya amfana, dan ni sai da na tafka asara kafin na gane kan abin.

Wannan murhu ba tukubar mai tsire bane, ba kuma na balangu bane inda nama yake zaune a kan garwashi. Shi ganga ce doguwa a kwance inda ake jera nama, a gefe ɗaya an liƙa mata ƙaramin akwatin wuta wanda ya ɗan sauka ƙasa, a ɗaya gefen kuma bututun hayaƙi. Wuta bata taɓa naman sam, zafi da hayaƙi ne suke ratsa gangar su fita ta bututu, kaga banda kenan irin wadda muka sani da kifi, sai dai wannan a hankali take dafa naman har ya yi laushi, zafin yana tsayawa tsakanin digiri 107 zuwa 135 a ma'aunin Celsius, ƙirjin sa babba kuma zai iya cin awa 10 zuwa 14 a ciki. Asalin abin daga jihar Tekzas ta Amurka ne, masu walda na wajen haƙar mai suka riƙa yanka ragowar manyan bututun mai suna ƙera shi, shi yasa na asali yake da nauyin tsiya.

Toh wannan nauyin shine kake biya wa kuɗi. Na farko da na saya a wani shago can tsallaken gada, baƙi wuluk yana sheƙi, ga tayoyi ga ɗan teburi a gefe, yaron shagon yana ta cewa oga wannan daga waje yazo, ni kuma ido ya rufe na biya. Ni da ƙanina muka ɗaga shi muka saka a but ɗin mota ba tare da ko nishi ba, ai tun a nan ya kamata jikina ya bani. Ranar da na fara hura shi fentin akwatin wutar ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon albasa, murfin ya karkace hayaƙi na fita ta ko'ina, da iska ta kaɗa sai zafi ya faɗi, na ƙara itace ya haura ya ƙone gefen naman, na kwana a tsaye kansa wallahi. Damina ɗaya ya gani, zuwa watan Oktoba na saka yatsa a ƙasan akwatin wutar ya ɓurma. Ƙarfen bai kai milimita 2 ba.

Abin da zaka nema shine milimita 6, wato kwatan inci, a jikin ganga da akwatin wuta duka. Idan aljihu bai kai ba, milimita 4 ko 5 a ganga zai yi maka aiki amma akwatin wuta kar ka yarda ya gaza 6 dan shi ne yake shan wuta kai tsaye. Ƙarfe mai kauri yana daɗewa kafin ya ɗauki zafi amma in ya ɗauka ya riƙe kenan, ko yayyafi ya sauko ko ka buɗe murfi ka duba nama zafin zai dawo da wuri, itace kuma kaɗan zaka ci. Kuma kar ka yarda da baki, ka tafi da abin awon kauri irin na makanikai, ka kama bakin murfi ka auna da hannunka, in mai kaya ya fara cewa haba Alhaji ai ba sai an auna ba toh ka san akwai lauje cikin naɗi. Ka ɗaga murfin ma kaji, na ƙwarai sai ka sa ƙarfi, kuma simoka na gida mai wannan kaurin yana haura kilo 150, mutum biyu basa ɗaga shi.

Hanya biyu ce a gabanka, ko ka sayi na waje ko ka bayar a ƙera maka. Na waje akwai sunaye da aka sani irin su Yoder da Horizon da Lang, waɗannan masu kauri ne, Oklahoma Joe's kuma yawancinsu ƙarfen bai kai na waɗancan ba, dan haka shi ma a auna. Matsalar na waje nauyin da kake nema shi ne zai cinye ka a kuɗin jirgin ruwa da na kwastan a Apapa ko Tin Kan, ga dala yadda take. Ni shawarata in kana Legas ka ƙera. Ka shiga kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin can gaban Mile 12 a hanyar Ikorodu, ƙarfe ba irin wanda babu, ka nemi bututu mai faɗin inci 20 ko 24 da farantin ƙarfe, ka kai wa mai walda wanda ya taɓa aikin tanki ko babban get, wanda hannunsa ya saba da ƙarfe mai kauri.

Anan dan Allah a kula, dan maganar lafiya ce. Kar a saka ƙarfe mai ruwan kwano, irin mai farin sheƙi ɗin nan, ko a raga ko a jiki, in ya sha wuta yana fitar da hayaƙi mai guba. Kar a yi da duro da baka san me aka taɓa zubawa a ciki ba. In tsohuwar tukunyar gas za'a yanka, aikin gwani ne, sai an cire kan an cika ta da ruwa an tabbatar babu sauran gas, wannan ba aikin da za'a bar wa yaron shago bane.

Sai ka zauna da mai walda ku yi magana a kan tsari, kar ka bar masa hoto kawai ka tafi. Akwatin wuta ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na girman gangar, in yayi ƙanƙanta itace bazai ci da kyau ba, kuma ya kasance da ƙofar iska wadda zaka iya ragewa ko ƙarawa. Bututun hayaƙi ya fito daga daidai layin ragar nama, in aka dasa shi a saman ganga hayaƙin zai bi sama ya wuce naman bai shaƙa ba, kuma ya zama mai faɗi, inci 4 zuwa 5 ga na gida, dan shi ne yake jan iska. Agogon zafi shima a saka shi kusa da raga, na can saman murfi ƙarya yake maka. A huda ƙasan ganga a saka ɗan famfo inda kitse zai tsiyaye cikin gwangwani. Akwai wani tsari da ake shimfiɗa farantin ƙarfe ƙarƙashin raga hayaƙi ya bi ta ƙasa ya juyo ta kan nama, bututun sai ya dawo gefen akwatin wuta, Lang sun yi suna da shi, yana daidaita zafi amma yana ƙara nauyi da wahalar wanki, ni ban saka ba. Tayoyi kuwa na ƙarfe manya, na roba ƙanana zasu lotse a tsakar gida.

Ka bada kafin alƙalami, amma cikon kuɗi sai an gwada a gabanka. Ka kunna tocilan ɗin waya ka ajiye a ciki ka rufe murfi da yamma, duk inda haske ya leƙo nan hayaƙi zai gudu. Ka bi waldar da yatsa, ta zama layi ɗaya a haɗe, banda ɗigo-ɗigo kamar kashin kaji. Sannan ku hura wuta a nan garejin ku zauna awa ɗaya ku ga ko murfi zai karkace, ku ga hayaƙin yana fita siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi, in fari ne tulu guda toh iska bata wucewa yadda ya kamata.

Ka yi tunanin inda zai zauna kafin a kawo shi, ka auna faɗin get da lungun gidan, wanda yake hawa na biyu a gidan haya a Agege ko Idi-Araba gara ya haƙura ko ya nemi fili wajen wani, dan maƙwabta bazasu jure hayaƙin awa 12 ba. Itace ma ka tanada, busasshe, kirya in ka samu wajen masu kawo kaya daga Arewa ta fi komai kuma dangin ɗaya daga cikin itatuwan da suke amfani da su ne a Tekzas, mangwaro da gwaiba da lemu suma suna ƙamshi, amma ragowar katako na somil da mai fenti ko magani kar ya kusanci naman.

Tsatsa ce babbar abokiyar gabarka a garin nan, musamman ku na Lekki da Aja da iskar teku take kaɗa muku gishiri. Ranar da ya iso ka wanke cikinsa, ka shafe ciki da waje da man gyaɗa, ka hura wuta awa 3 ko 4 babu nama har man ya kama jikin ƙarfen yayi baƙi. Duk bayan gashi ka kwashe toka dan toka in ta jiƙe cin ƙarfe take, ka sake goga mai a akwatin wuta tun yana da ɗumi, ka ajiye shi ƙarƙashin rumfa, in tampol zaka rufa ka bar ƙasa a buɗe iska na shiga. Nawa na biyun damina uku kenan yana tsakar gida, Sallar layya da ta wuce cinyoyin rago huɗu na jera a ciki bayan la'asar, ina ƙara itace ɗaya duk bayan minti 40, kafin sha biyun dare ƙashi na zarewa da hannu.