Kurakuran masu sauya direban tocila don haske ya kai nesa

Wani maigadi a layinmu na Agege ya kawo mini tocilarsa, ya ce, "Malam, so nake daga bakin get in ga fuskar wanda ke tsaye a ƙarshen layi." Har ya sayo sabon direba a kasuwar Alaba. Ba na mota ba fa, wannan ƴar da'irar ce mai kamar kwabo da ke tsara wutar da ke shiga ƙwan LED. An ce masa da zarar an ɗaura shi, shi ke nan.

A nan babban kuskuren yake. Direba wuta yake ƙarawa, shi kuwa nisa ana samunsa ne idan haske ya taru wuri guda, abin da ake aunawa da kandela. A ma'aunin ANSI FL1, wanda kamfanonin tocila ke auna nisa da shi, tocila mai kandela 250,000 tana kai mita 1,000. Mai son mita 2,000 sai ya nemo kandela miliyan ɗaya. Ko da direban zai ninka haske biyu, wanda da wuya, ƙarin nisan wajen kashi 40 cikin 100 ne kawai. Don haka a fara duba ƙwai da kwanon da ke tattara haske. Babban ƙwai irin XHP70 baza haske yake kamar fitilar mai shayi. Ƙaramin ƙwai irin Osram W1 ko SFT-40, cikin kwano mai faɗi mai santsi, shi ke fitar da haske siriri kamar mashi.

Kuskure na biyu, ni ma ya taɓa ci na. Na ɗaura direban FET, wanda ke sakin wutar batir kai tsaye, a kan W1 da batirin Samsung 30Q. Hasken ya juye shuɗi-shuɗi, kafin in kai hannu ƙwan ya mutu. W1 ba ya son a wuce amfiya 5 zuwa 6. Bayan nan zafi kawai yake tarawa. A nema masa direba mai ƙayyade wuta. A kuma auna faɗin gurbin direban kafin a biya kuɗi, tocilar Convoy C8 milimita 17 take ɗauka. Ƙwai mai volt 6 kuwa ba zai kama da batir ɗaya ba sai da direba mai ɗaga wuta.

Sai batir. Duk batirin 18650, irin wanda ake sa wa tocila, da aka rubuta masa 9900mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, ƙarya ce tsagwaronta, na gaske ba ya wuce wajen 3,500. Ɗauke shi a tafin hannu: na kirki yana da nauyi, kusan giram 45. Waɗanda ake ɓallowa daga tsohon batirin laftof a kasuwar Computer Village ta Ikeja sun gaji, kuma tun asali ba don jan wuta mai yawa aka yi su ba. Sifirin ɗin gindin tocila ma yana cin wuta. Ɗan gajeren waya da aka liƙa da dalma daga samansa zuwa ƙasansa yana magance wannan.

Zafi: faranti na jan ƙarfe a ƙarƙashin ƙwan, da man sanyaya firosesa, shafa ɗaya siririya.

Abin da aka fi rainawa shi ne zaman ƙwan. Idan ya goce daga tsakiya, ko kwanon ya ɗaga da rabin milimita, za ka ga baƙin rami a tsakiyar hasken. Haska bango daga mita 10, ka riƙa sauya zoben robar da ke riƙe ƙwan har tabon ya tsuke. Mai na'urar auna lux, wato ƙarfin hasken da ya sauka a bangon, sai ya ninka abin da ta nuna sau 100, kandelarsa ke nan, amma ya jira daƙiƙa 30 bayan kunnawa.

Iskar Legas kuma da danshi take, balle kusa da ruwa. Haske fari fat mai 6500K (K ma'aunin launin haske ne) yakan dawo wa mutum a ido. Mai 5000K ko ƙasa ya fi daɗin kallo daga nesa. Na maigadin nan, ƙwai da zobe na sauya masa, direban da ya sayo yana nan cikin ledarsa.