Kurakuran da ke ɓata wa mutum karatun littafin kisan Roger Ackroyd

Na gaji da ba da aron The Murder of Roger Ackroyd ana dawo mini da shi ana cewa wai ba daɗi. Agatha Christie ta fitar da shi a 1926, kuma a 2013 ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin wanda ya fi kowanne a wannan fanni. Matsalar daga masu karatun take.

Wadda ta fi muni ita ce ɗaukar waya, kuma ni ta taɓa cina. Ina tsakiyar littafin sai sunayen mutanen gidan Fernly Park suka cakuɗe mini, na shiga intanet don in tantance wane ne Ralph Paton, wane ne Raymond sakatare. Layi na biyu kawai na karanta, sai ga sunan wanda ya yi kisan. Wallahi kwana uku ban iya taɓa littafin ba. Mamakin da ke ƙarshensa sau ɗaya ake ɗanɗana shi, ni kuwa na zubar da nawa. Tun daga ranar nake barin waya a wani ɗaki, in rubuta sunaye a 'yar takarda in soke ta cikin littafin. Mai leƙa shafin ƙarshe ma jirgi ɗaya ya kwaso su.

Sai masu tsallake lokaci. Haba jama'a! Agatha Christie ba ta ambatar ƙarfe nawa a banza. An ji muryar Ackroyd da tara da rabi, Flora 'yar ɗan'uwansa ta ce ta yi masa sai da safe da goma saura kwata, an buga wa Likita Sheppard waya da goma da kwata. Ku kuma kun wuce a guje kuna neman jini da faɗa, sannan ku ce an yaudare ku. Babu wanda ya yaudare ku, komai a fili aka ajiye shi. In Poirot, mai binciken kisan, ya nace a kan wata kujera da aka janye daga jikin bango, ku tsaya tare da shi. Ni fensir nake sa wa, in jera lokutan a gefe guda.

Kada ku raina Caroline, 'yar'uwar likitan, don tana da gulma. Rabin labarin ƙauyen King's Abbot a bakinta yake. Babin da ake wasan mah jong na Sinawa ma kada a tsallake shi.

Ba kowace baƙuwar kalma ake buɗe wa ƙamus ba, sai wadda ta hana ku gane zance.

In kun gama kuma, don Allah ku kama bakinku. Ƙanwata ce ke riƙe da nawa yanzu, ta kai babi na tara, kuma duk gidan na gargaɗe su.