Yadda za ka kalli bidiyon 360 a cikin mutane ba jiri ba jin kunya

Ranar nan a tashar mota a Garwa ina jiran motar Marwa, sai ga wani yaro ya ɗaga waya sama yana ta juyi kamar mai neman rezo, har ya kusa hambarar da tiren mai ƙosai. Ashe bidiyon ɗawafi yake kallo, irin na 360 ɗin nan mai nuna ko'ina kewaye da kai, wanda YouTube da Facebook suka fara karɓa tun 2015. Abin da daɗi wallahi, amma cikin jama'a sai da dabara.

Da farko ka tanadi bidiyon tun daga gida ko inda akwai wifi, don yana shan mega ba kaɗan ba. Hoton an shimfiɗa shi ne ta ko'ina, gaba da baya da sama da ƙasa, kai kuma ɗan yanki kawai kake gani, shi ya sa in ingancin hoton a kan 720p yake sai ya fito dishi-dishi. Ka sa 1440p ko 2160p in wayarka za ta ɗauka.

Sai wurin zama. Ka samu benci ka jingina da bango, jakarka a kan cinya, igiyarta a hannu.

To ga babban abin: yatsa ne zai yi juyin, ba wuyanka ba. Wayar tana da wata 'yar na'ura mai gane motsi, da ka karkata ta sai hoton ya bi, wannan ne ke sa mutum ya miƙe yana zagaye. Ka dafa gwiwar hannunka a kan jaka, wayar ta tsaya cak, ka riƙa jan hoton da babban yatsa a hankali, a hankali fa, ba fizga ba. In fayil ne a wayarka, VLC, manhajar kallon bidiyo, ma yana buɗe 360, da yatsa ake ja.

Jirin kuwa ga inda yake fitowa, ido yana ce wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, can cikin kunne inda ke kula da daidaiton jiki yana cewa a zaune muke, in suka saɓa sai tashin zuciya da zufa. Don haka ka zaɓi bidiyon da kyamarar take a kafe wuri ɗaya, ka bar na lilo da na tseren moto. Kuma kar ka kalla mota na tafiya, balle a hanya mai gargada, ko jirgin ƙasan Ngaundare zuwa Yawunde ni dai sai ya tsaya nake buɗewa. Da ka ji kai ya fara nauyi ka ajiye, ka kalli wani abu mai nisa.

Sauti kuma ka sa abin ji a kunne ɗaya kawai, ɗayan ka bar shi don kiran fasinja da sallama.

Tabarau na VR, wato wanda ake ɗaurawa a fuska a ga bidiyon kamar ana ciki, ko na kwali da ake zura waya ciki, gaskiya ban ba ka shawarar sa shi a tasha ba sai da ɗan'uwa a gefenka, ido a rufe aljihu a buɗe. Masu tabarau na Meta Quest, in ka ƙwanƙwasa gefensa sau 2 zai nuna maka mutanen da ke kewaye, ka duba saitin tun a gida. Kar ka bari rana ta haska gilashin, tana ƙona allon ciki. Zafin watan 3 da na 4 kuma waya na saurin ɗaukar zafi, ka cire mata riga ka koma inuwa.