Yadda matashin ma'aikaci a Zariya zai nemi cikakken albashinsa

A makarantu masu zaman kansu da gidajen mai da gidajen burodi na Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru, sau da yawa za ka tarar da matashi yana aiki kafaɗa da kafaɗa da magidanci, amma ƙarshen wata a ba shi rabin abin da aka ba wancan, wai don shi yaro ne, ba shi da iyali. Wannan hujja ba ta da gurbi a doka. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a Yulin 2024 aka mayar da adadin Naira 70,000 a wata, ba ta ware wa matasa wani adadi dabam ba, saɓanin Birtaniya inda ake la'akari da shekarun ma'aikaci.

Ka fara da tabbatar da cewa dokar ta shafe ka, domin nan ne da yawa suke tuntuɓe. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ta cire masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka sarrafa, da masu aikin gona na damina. Saboda haka ka ƙirga kowa, har maigadi da mai shara da direba, kada ka tsaya ga abokan aikinka na kusa. A ganina wannan iyaka ta bar matasa masu yawa a rana, tunda ƙananan wurare ne suka fi ɗaukarsu.

Idan dokar ta shafe ka, sai ka tanadi shaida. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai wuri ya ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Ka adana saƙon banki na kowane wata. Idan kuwa a hannu ake biya, ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da adadi da sunan wanda ya miƙa maka. Ko da ka taɓa amincewa da ƙasa da adadin saboda matsin rayuwa, doka ba ta ɗaukar wannan yarjejeniya a bakin komai.

Daga nan ku haɗu ku biyu ko uku, ku sami mai wurin a keɓe cikin ladabi, ku ce: "Ranka ya daɗe, aikinmu ɗaya da sauran, muna roƙon a daidaita mana albashi yadda doka ta tanada." Ku bar masa takarda mai kwanan wata, ku riƙe kwafi.

In maganar ta ƙi ci, ku kai kuka ga ƙungiyar ƙwadago ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna, wanda ke da hurumin kiran ɓangarorin biyu a yi sulhu. Idan sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraren irin wannan ƙara, kuma takardun da kuka adana su lauya zai fara tambaya.